Dajin baƙo, gidan wani: su wa ake nunawa a finafinan tsira a jeji?

Akwai wani nau'in fim da ba ya buƙatar tafinta kafin ya kama zuciyar mai kallo. Mutum ɗaya ko ƴan tsiraru sun ɓata a kurmi, ko cikin dusar ƙanƙara, ko a tsakiyar hamada. Ba ruwa, ba guzuri, ba mai ceto, ga namun daji, ga abokan gaba. Daga farko har ƙarshe tambaya guda ce: zai kai labari ko ba zai kai ba? Tsoron yunwa da ƙishirwa kowa ya san shi, shi ya sa mai kallo a Damagaram ko Garwa ko Kumasi yake bin fim ɗin sarai ko da bai jin harshen da ake yi a ciki.

Da yawa daga cikin waɗannan finafinai sukan buɗe da sanarwar cewa labarin ya faru da gaske, kuma a nan ne muhawara take tasowa. Wurin da fim ya kira jeji, kusan kullum akwai mutanen da suke kiransa gida. Sun san inda ruwa yake, sun san saiwar da ake ci da wadda ke kisa, kuma a mafi yawan labaran da tarihi ya adana, su ne dalilin da ya sa baƙon ya rayu har ya ba da labari. Yadda fim yake yi da waɗannan mutane, ko ya goge su, ko ya mai da su dodanni, ko ya ba su baki su yi magana, shi ne ake nufi da batun wakilci a sinima.

Abin da ya sami Hugh Glass, da abin da aka nuna

Fim ɗin da ya fi shahara a wannan fanni a shekarun nan shi ne The Revenant na 2015, wanda Alejandro González Iñárritu, ɗan ƙasar Meziko, ya ba da umarni. An kashe masa kimanin dala miliyan 135, ya kawo fiye da miliyan 500, kuma da shi ne Leonardo DiCaprio ya samu lambar yabo ta Oscar ta farko a 2016.

Tushen labarin gaskiya ne. A 1823 wani mafarauci mai suna Hugh Glass, ma'aikacin kamfanin fataucin fatu na William Ashley da Andrew Henry, ya yi arba da dabbar beyar kusa da kogin Grand, a yankin da yanzu yake jihar Dakota ta Kudu a Amurka. Ta yi masa kaca-kaca. Aka bar mutum biyu su zauna da shi har ya cika su binne shi, sai suka ɗauke bindigarsa suka yi gaba. Glass bai mutu ba. Ya ja jiki, ya rarrafa, ya bi ruwa, har ya isa sansanin Fort Kiowa mai nisan kimanin kilomita 320.

Fim ɗin ya ƙara abubuwa da dama. Harin ya faru ne a ƙarshen lokacin zafi, amma an mai da shi tsakiyar hunturu, har sai da masu ɗaukar hoto suka bi dusar ƙanƙara daga Kanada zuwa kudancin Ajantina. An ƙirƙira wa Glass ɗa daga wata mace ƴar ƙabilar Pawnee, alhali babu wata takarda da ta ambaci wannan yaro. An kuma sa ya ɗauki fansa a kan John Fitzgerald, mutumin da ya yashe shi, alhali a ruwayoyin da aka adana ya tarar da shi ya shiga soja, bai taɓa shi ba.

Ƙarin gishiri a fim ba laifi ba ne. Abin dubawa shi ne me aka ƙara, me aka rage. Fim ɗin ya buɗe da harin da mutanen Arikara suka kai wa mafarautan, kibau na ruwa daga cikin itatuwa. An yi irin wannan hari a watan Yunin 1823. Sai dai mai kallo zai fita bai san cewa Arikara manoma ba ne, masu garuruwa na dindindin a bakin kogin Missouri, suna noman masara da wake da kabewa, kuma su ne dillalan kasuwancin yankin da kamfanonin Turawa suke neman tsallakewa. Cutar agana ta riga ta rage su ƙwarai tun a shekarun 1780. Wata biyu bayan wancan hari, Kanar Henry Leavenworth ya zo da sojojin Amurka da mayaƙan Lakota ya yi wa garuruwansu ruwan igwa, kuma bayan janyewar mutanen aka cinna wa gidajen wuta. A watan da beyar ta kama mutum ɗaya, al'umma guda ta rasa matsuguninta ta shiga yawon neman abin da za ta ci. Wannan ma labarin tsira ne, amma ba shi aka ɗauka ba.

Adalci ne a faɗi ƙoƙarin da masu fim ɗin suka yi. Sun ɗauki ƴan asalin ƙasar a matsayinsu, irin su Duane Howard da Forrest Goodluck da Melaw Nakehk'o. An yi magana da harsunan Arikara da Pawnee, kuma wani masanin tarihi ɗan Arikara, Loren Yellow Bird, ya yi aikin ba da shawara. An kuma nuna wani ɗan Pawnee mai suna Hikuc yana ciyar da Glass, yana yi masa magani, yana gina masa bukka cikin guguwa. Amma da ya gama wannan aiki sai aka rataye shi, labarin ya ci gaba ba shi. Matar Glass kuwa a mafarki kaɗai ake ganinta. Ba su kaɗai suka koka ba: a Kebek, ɗan wasa Roy Dupuis ya soki yadda aka nuna mafarauta masu magana da Faransanci a matsayin ɓarayi da masu fyaɗe, alhali a tarihi su ne suka fi cuɗanya da auratayya da ƴan ƙasar.

Tsohuwar al'ada ta aron fuska da toshe baki

Duk da kurakuransa, The Revenant ya yi nisa idan aka kwatanta da abin da ya gabata. Shekaru da dama Hollywood tana shafa wa Turawa launi su fito a matsayin wasu jinsuna. A The Savage Innocents na 1960, labarin wani maharbi ɗan Inuit a ƙasar ƙanƙara, Anthony Quinn ne ya fito a maharbin, matarsa kuma ƴar wasa Bajapaniya, Yoko Tani. A Lawrence of Arabia na 1962, Alec Guinness, mutumin Ingila, shi ne Yarima Faisal, Quinn kuma shi ne shugaban Larabawan ƙauye Auda Abu Tayi. Tun kafin nan, a Nanook of the North na 1922, Robert Flaherty ya sa mutumin da ya fito a Nanook, wanda sunansa na gaskiya Allakariallak, ya ajiye bindigar da ya saba farauta da ita ya ɗauki mashi, domin ya yi kama da abin da masu kallo a New York suke zaton gani.

Misalin da ya fi shafar Afirka shi ne The Naked Prey na Cornel Wilde, wanda ya fito a tsakiyar shekarun 1960. Asalin labarin na John Colter ne, wani mafarauci da mayaƙan Blackfeet suka kama a farkon ƙarni na 19 a yankin Montana, suka tuɓe shi, suka ce ya gudu, suka bi shi da masu. Saboda sauƙin kuɗin aiki, sai aka kwashe labarin ɗungurungum aka kai shi kudancin Afirka, a zamanin mulkin wariyar launin fata. Blackfeet suka zama baƙaƙen fata, sauran labari bai canza ba. Wannan kaɗai ya isa shaida cewa a idon masu fim ɗin, mutanen da ke bin jarumin ba al'umma ba ce mai tarihinta. Wani yanayi ne na haɗari kamar zaki ko maciji, ana iya musanya wannan da wancan. Ɗan wasan Afirka ta Kudu Ken Gampu ya yi rawar gani a matsayin jagoran masu bin sawu, amma ba a rubuta fassarar maganganunsu a ƙasan allo ba. Mutumin da ba a fassara maganarsa ba, mai kallo ba zai san dalilinsa ba, sai dai ya ji ihunsa.

Tasirin wannan ya kai har bakin Hausawa. Sunan "Indiyawan daji" da ake kiran ƴan asalin Amurka da shi ya dace da hoton da finafinan kaboyi suka bari: mutane masu gashin tsuntsu a ka, suna fitowa daga bayan dutse. Ba wanda zai ji wannan suna ya kawo manomin masara a ransa.

Waɗanda tarihi ya rubuta, kyamara ta tsallake

Duk lokacin da aka tayar da wannan magana, akwai masu cewa sanya baƙar fata ko mace a irin wannan fim cusa siyasar yau ce a cikin tarihin jiya. Takardun tarihin da kansu sun ƙaryata wannan.

A 1527 wani ayarin Sifaniyawa ƙarƙashin Pánfilo de Narváez ya tashi da mutum kusan 600 zuwa nahiyar Amurka. Daga cikin kimanin 300 da suka kutsa cikin Florida, huɗu kaɗai suka ɓulla a Meziko a 1536, bayan shekara takwas na yunwa da bauta da tafiyar ƙasa. Ɗaya daga cikin huɗun shi ne Estevanico, bawa baƙar fata daga garin Azemmour na Maroko, kuma shi ne yake shiga gaba yana magana da ƙabilun da suka tarar.

A tafiyar Lewis da Clark ta 1804 zuwa 1806, wadda Amurkawa ke tinƙaho da ita, akwai York, bawan William Clark, wanda ya yi farauta ya ja kwale-kwale kamar kowa. Da aka dawo, sauran suka samu lada da filaye, shi kuwa ya koma bauta. Akwai Sacagawea, matashiya ƴar Shoshone da ta yi tafiyar da jariri a baya. Masarar mutanen Mandan ce ta riƙe ayarin a hunturun farko, mutanen Nez Perce kuma suka ciyar da su lokacin da suka sauko daga duwatsu suna tangaɗi don yunwa.

A kamfanin da Hugh Glass ya yi wa aiki, shekara guda bayan abin da ya same shi, James Beckwourth ya shiga. An haife shi cikin bauta a Virginia, ya zauna shekaru tare da mutanen Crow, kuma har yau akwai wata mashiga a duwatsun Sierra Nevada mai ɗauke da sunansa. Da Hollywood ta sa shi a fim ɗin Tomahawk na 1951, Bature ne ya fito a matsayinsa. Ita kanta sana'ar fatun cike take da Faransawan Kanada, da ƴan Iroquois, da ruwa-biyu da ake kira Métis, har da mutanen tsibirin Hawai.

A ƙasar ƙanƙara ma haka. Ayarin da Robert Peary ya ce ya kai ƙarshen arewacin duniya da shi a watan Afrilun 1909 mutum shida ne: shi, da Matthew Henson, baƙar fata da ya iya harshen Inuit da tuƙa keken karnuka, da ƴan Inuit huɗu. Wato Bature ɗaya ne a cikin shida. A 1921 kuma aka kai mutum biyar tsibirin Wrangel da ke arewacin Saiberiya: samari huɗu daga Kanada da Amurka, da wata mai ɗinki ƴar Iñupiat, Ada Blackjack, wadda ta karɓi aikin don ta samu kuɗin maganin ɗanta mai tarin fuka. Abinci ya ƙare. Uku suka tafi neman agaji ba a sake ganinsu ba, na huɗun ta yi jinyarsa har ya rasu. Ta koya wa kanta ɗana tarko da harbi. Da jirgin ceto ya iso a watan Agustan 1923, ita kaɗai aka tarar da rai. Idan labarin tsira ake nema, da wuya a samu wanda ya fi wannan, amma sunanta bai kai ko kusa da na Glass ba a sinima.

Me ya sa haka ke faruwa?

Dalili na farko shi ne alƙalami. Marubutan fim suna dogara ne da littattafai, littattafan kuma waɗanda suka iya rubutu kuma suke da mai buga musu ne suka bar su. Labarin ayarin Narváez ya zo ne ta hannun Cabeza de Vaca, ɗaya daga cikin Sifaniyawa ukun, shi ya sa fim ɗin da aka yi a Meziko a 1991 yake ɗauke da sunansa. Jagora da ɗan dako da tafinta sukan bayyana a layi ɗaya ko biyu, wani lokaci ma ba suna. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Na biyu shi ne jari. Ɗaukar fim a kan dutse ko cikin ƙanƙara yana cin kuɗi, masu zuba kuɗin kuma suna son fitaccen jarumi da harshen Ingilishi. Hatsarin jirgin saman Urugwai a duwatsun Andes ya nuna wannan. Jirgin ya faɗi ranar 13 ga Oktoban 1972 da mutum 45, aka ceto 16 bayan kwana 72. A 1993 aka yi fim ɗin Alive da Ingilishi, Ba'amurke Ethan Hawke a gaba. Sai a 2023 J. A. Bayona ya fitar da La sociedad de la nieve da Sifaniyanci, da matasan ƴan wasa na Urugwai da Ajantina, bayan ya daɗe yana neman wanda zai ɗauki nauyinsa a wannan harshe. A nan ma ɗan gari ne ya kammala ceton: wani makiyayi ɗan Chile, Sergio Catalán, shi ya hango biyu daga cikinsu a tsallaken kogi, ya jefa musu burodi, ya hau doki ya yi tafiyar sa'o'i ya kai labari.

Na uku shi ne ginin labarin kansa. Domin jarumi ya yi girma, sai an nuna shi shi kaɗai, domin ya zama shi kaɗai kuwa sai an kwashe mutane daga ƙasar. Wannan hoto na ƙasa fayau da ba mai ita ba sinima ce ta ƙirƙiro shi ba. Shi ne hujjar da aka kafa aka ƙwace filaye a Amurka da Ostireliya, inda doka ta ɗauki ƙasar a matsayin wadda ba ta da mai ita har sai da babbar kotu ta rushe wannan a shari'ar Mabo ta 1992.

Lokacin da kyamara ta juya

Canjin ya zo ne daki-daki. A 1975 Akira Kurosawa na Japan ya yi Dersu Uzala a Tarayyar Sobiyet, labarin wani maharbi ɗan ƙabilar Nanai da ya yi wa jami'in Rasha Vladimir Arsenyev jagora a kurmin gabashin Saiberiya a farkon ƙarni na 20. A wani wuri guguwa ta rutsa da su biyu a bakin tafkin Khanka, Dersu ya sa suka yi ta yankan ciyawa har jami'in ya faɗi, shi kuma ya haɗa bukkar da ta cece su. Fim ɗin ya ci Oscar, ya kuma faɗi gaskiyar da sauran suke ɓoyewa, cewa da ɗan gari akan ci gari. Sai dai har yanzu ta idon jami'in ake kallon Dersu.

Mataki na gaba shi ne Rabbit-Proof Fence na 2002. A 1931 hukumomin Yammacin Ostireliya suka ƙwace ƴan mata uku ruwa-biyu, Molly da Daisy da Gracie, daga iyayensu a Jigalong, suka kai su sansanin Moore River don a raba su da al'adarsu. Babbarsu shekararta 14. Suka gudu, suka bi shingen wayar da aka kafa don tare zomaye, biyu daga cikinsu suka isa gida bayan mako tara da tafiyar fiye da kilomita 1,500 a ƙasa. Ƴar Molly, Doris Pilkington Garimara, ita ta rubuta littafin da aka gina fim ɗin a kai. A nan komai ya juye: jejin shi ne hanyar gida, haɗarin kuwa yana sanye da kakin gwamnati. Shekara shida bayan fitowarsa, a Fabrairun 2008, Firaminista Kevin Rudd ya nemi gafarar waɗanda aka yi wa wannan ƙwace a gaban majalisa.

Wanda ya kai matuƙa shi ne Atanarjuat na 2001, fim na farko mai tsawo da aka rubuta, aka ba da umarni, aka kuma yi wasansa gaba ɗaya da harshen Inuktitut. Zacharias Kunuk da abokansa na garin Igloolik a arewacin Kanada sun tattara tsohon labarin daga bakin dattawa, matan garin suka ɗinka kayan fata irin na da. Kuɗinsa bai kai dala miliyan 2 na Kanada ba, amma ya ci kyautar Caméra d'or a bikin Cannes, kuma a 2015 wata ƙuri'ar masana da bikin finafinai na Toronto ya shirya ta zaɓe shi fim mafi kyau a tarihin Kanada. A cikinsa ma akwai mutum tsirara yana gudu a kan ƙanƙara, masu neman ransa na biye, kamar a The Naked Prey. Bambancin shi ne mai kallo ya san sunan kowane ɗaya daga cikin masu binsa, ya san gabar da ta haɗa su, ya san wa ke auren wa. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

A hamada kuma akwai Theeb na 2014, na Naji Abu Nowar ɗan Jodan. Zamani ɗaya ne da Lawrence of Arabia, shekarar 1916, kuma yanki ɗaya. Amma jarumin yaro ne ɗan Larabawan ƙauye, jami'in Ingila kuwa baƙo ne da ya zo neman a raka shi rijiya, bai ma kai rabin fim ɗin ba. Mutanen ƙauyen da ba su taɓa wasa ba su ne suka fito, da karin harshensu. Shi ne fim na farko daga Jodan da ya shiga takarar ƙarshe ta Oscar. Ko manyan kamfanonin Amurka sun fara lura: Prey na 2022, duk da cewa tatsuniyar dodon sama ce, an kafa shi ne a cikin al'ummar Comanche ta 1719, jarumar Amber Midthunder ce, kuma an ɗora masa cikakkiyar murya da harshen Comanche.

Abin da mai kallo zai riƙa dubawa

Ƙirga fuskoki ba ya wadatarwa, domin fim zai iya cika da baƙaƙe ko ƴan asalin ƙasa ya kuma bar su a matsayin kayan ado. Tambayoyin da suka fi amfani su ne waɗannan. Shin mutanen wurin suna da sunaye da dangi da abin da suke nema wa kansu, ko sun zo ne kawai su taimaki jarumi su mutu? Idan sun yi magana da harshensu, an fassara? Ilimin da ya ceci rai, an nuna daga inda ya fito? Sannan a jerin sunayen ƙarshen fim, akwai nasu a cikin marubuta da masu shiryawa, ko a cikin ƴan cika fage kaɗai?

Ba a nufin kowane baƙo ya zama mugu, kowane ɗan ƙasa ya zama waliyyi. Mai da mutane tsarkaka masu magana da iska shi ma wata hanya ce ta cire su daga sahun ƴan Adam. A Atanarjuat akwai masu kisa da maƙaryata da mazinata, dukansu ƴan Inuit, kuma wannan ne ya sa suka zama mutane.

Labaran da ke jira a Sahara

Wannan tsari ba baƙo ba ne a yankin nan. A watan Yulin 1850 matafiyin Jamus Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdul Karim, ya hau dutsen Idinen kusa da Ghat shi kaɗai, duk da gargaɗin Buzayen da ke masa jagora. Ya ɓata, ruwansa ya ƙare, har ya tsotsi jinin jikinsa. Wani Buzu ne ya bi sawunsa ya same shi a bakin mutuwa. Idan aka ba marubucin Hollywood wannan labari, an san wanda zai samu sa'a biyu a allo da wanda zai samu minti biyu.

A cikin ayarin Barth ɗin akwai wani yaro Bahaushe daga ƙasar Damagaram, Dorugu, wanda aka kama bauta yana ƙarami, abokin tafiyar Barth, Adolf Overweg, ya ƴanta shi. Ya je har Timbuktu, ya ƙetare Sahara zuwa Tarabulus a 1855, ya isa Ingila da Jamus. Abin da ya bambanta shi da York da Estevanico shi ne ya bar labarinsa da bakinsa, da Hausa, domin wani mai wa'azin Kirista, James Frederick Schön, ya rubuta shi kamar yadda ya faɗa. Ya ƙare rayuwarsa a Kano a 1912. Akwai kuma madugan ayarin gishiri da suka ratsa Tenere tsakanin Agadas da Bilma suna karanta taurari da yashi, da fataken goro da suka bi hanyar Gwanja har suka kafa zangunan da jikokinsu ke zaune a ciki yau a Gana da Togo.

An taɓa gwada irin wannan aiki da Hausa. A 1976 Adamu Halilu ya mai da littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa fim, labarin yaron da aka sace aka ƙetara da shi hamada da uwar da ta bi sawunsa. Fim ɗin ya daɗe ba a ganinsa, sai da aka gyara shi aka nuna a bikin finafinai na Berlin a 2018.

Bahaushen da ke zaune a Yawunde ko Njamena ko Akara ya san yadda ake ji idan ana ba da tarihin gari, a ambaci kakanninsa a layi ɗaya a matsayin fatake baƙi. Mutanen Igloolik ba su kai dubu biyu ba lokacin da suka ɗauki kyamara, ba su kuma jira Hollywood ta tuba ba. Abin da suka fara yi shi ne zama a gaban dattawansu da na'urar ɗaukar murya, tun suna da rai.